Ranar da Aka Shayar da Filin Tanis

A da, in balo ta fashe a unguwa, wasa ya tsaya ke nan sai an kawo mini ita na ɗinke. Yanzu in ta fashe, ƙafa ake ba ta ta faɗa kwata, a je Babbar Kasuwa a sayo sabuwa. A da raket ɗaya mutum ke riƙewa shekara da shekaru, ya san nauyinta yadda manomi ya san hauyarsa. Yanzu ina zaune gaban tele a gidan ɗana a unguwar Koira Kano, nan Yamai, sai in ga wani ƙato ya shigo fili da jaka cike da raket, kowace cikin ledarta. Ya buga ƙwallo ta fita layi, ya ɗaga raket ya maka ta da ƙasa har ta karye, ƴan kallo suna dariya. Ni tashi nake yi in bar ɗakin.

Ku samarin fadar ƙofar gidanmu, ranar nan na ji ɗayanku yana cewa, "Wai Baba Ilu har sana'a yake kiran abin nan. Zare ne fa ka zura a rami ka ja." Kuka yi dariya, ni ma na yi. To, ga amsarku a rubuce, tunda kun fi yarda da abin da ido ya karanta a kan abin da tsoho ya faɗa.

Mahaifina baduku ne a Dogon Dutsi, a hannunsa na fara riƙe basilla. Amma balo ta farko da na ɗinka a zangon Kumasi ce, a rumfar wani Bamoshe da ake kira Baba Salifu. Balo ta lokacin fata ce zalla, gunduwa-gunduwa, ana ɗinka ta a juye, cikinta a waje, da allura biyu da zare mai kakin zuma. Wannan kowa zai iya in ya yi haƙuri. Wahalar tana ƙarshe. Bayan ka juya ta, ka cusa robar iska a ciki, sauran baki ɗaya ya rage, kuma dole ka rufe shi daga waje ba tare da ka ga inda allurarka take bi ba. Ka zurfafa kaɗan, ka huda robar. Ka ja zaren da ƙarfi fiye da sauran ɗinkin, balo ta fito kamar ƙwai. Wata shida Baba Salifu yana ba ni tsofaffin fatu ina rufe bakin nan yana farkewa. Ba ya zagi. Mirgina balon yake yi a daɓe, mu zuba mata ido. In ta karkace sai ya ce, "Ta bugu da giya. Sake."

Raket kuwa a Akra na koya, wajen wani tsoho, Papa Ato, da ke aiki bayan filin Turawa. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: tsinkayen ƙarfe huɗu masu ƙotar ice, awartaki, aska, da guntun ice mai kauri da aka naɗe da fata. Babu mashin. Ka matse raket tsakanin gwiwoyinka, ka zura tsarkiya a rami, ka naɗe ta a guntun icen nan ka murɗa har ta ɗaure, sannan ka soka tsinke a ramin ya riƙe ta, ka wuce rami na gaba. Ana farawa daga tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, don in ka cika gefe guda kafin ɗayan, katakon raket ya murɗe, ba ya kuma miƙewa har abada. To ta yaya za ka san ƙarfin ja ya yi daidai? Da kunne. Ka taɓa tsarkiya da farce ka saurara, kamar mai gyara molo. Kowace da muryarta, ta tsakiya ƙasa-ƙasa, ta gefe sama kaɗan, kuma ta dama dole ta amsa wa ƴar'uwarta ta hagu. Papa Ato yakan juya mini baya ina aiki, yana cin gyaɗarsa, can sai ya ce da Turancinsa, "Ta biyar tana ƙarya." In duba, haka ne.

Daga nan na yi Abijan, na yi Dakar. A Dakar ne wani mai yin kayan kiɗa ya koya mini murza tsarkiya daga hanjin saniya. Mafi kyawun tsarkiyar raket, wadda ake kawowa daga Faransa cikin takarda mai sheƙi, hanji ce ita ma. Ƙwallo tana zama a kanta ɗan lokaci kafin ta tashi, hannun mai wasa ya ji abin da yake yi. Ta nailan tana daɗewa, amma kurma ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yawon nan ya ba ni harsuna, ya kuma ba ni idon kallo. Mutanen Kumasi suna kallon balo kamar shari'a, kowa lauya ne. Na Abijan ado suke so, ɗan wasa ya yanke mutum uku ko da bai ci ba, sun gamsu. Na Dakar ƙarfi suke girmamawa, kokawa ce ta bi su har fili. Mu a Yamai, a wancan lokaci, da haƙuri muke kallo, kamar masu jiran mota. Ku kuma na yanzu ba ku kallon kowa sai na ƙetare. Kuna iya jera mini sunayen ƴan wasan wani gari da ba ku san ko yana gabas ko yamma ba, har da wanda ke zaman benci, amma ba ku san sunan mai tsaron gidan unguwarku ba.

Ba na ce ƴan wasan tele ba su iya ba. Sun iya, sun fi na zamaninmu gudu da numfashi, wannan ba gardama. Amma balon da suke bugawa ba ta shan ruwa, ba ta nauyi, ba ta da ɗinkin da zai tsaga goshi. Filinsu kamar darduma. Duk da haka a taɓa mutum a kafaɗa ya faɗi yana riƙe da fuska yana birgima, alƙali ya ruga ya leƙa wani akwati, mutane dubbai suna tsaye suna jiran akwati ya ba su izinin murna. Na ga mutum a Kumasi ya sa kai ya doki jiƙaƙƙiyar balo ya suma, aka zuba masa ruwa, ya tashi yana tambaya ko ta shiga. Kuma balo wasa ce da rago ke iya ɓuya a cikinta. Mutum goma sha ɗaya ne, kullum akwai wanda za a ɗora wa laifi.

Shi ya sa na daɗe ina fifita tanis. Kai kaɗai ne, da raga, da abokin karawa. Ba mai ba ka, ba wanda za ka zarga. Haka na yi ta faɗa a harsuna huɗu, a garuruwa huɗu, cewa babu wasan adalci irin tanis. Yamai ce ta gyara mini bakina.

Na dawo gida bayan soja sun karɓi mulki, na samu wuri a wani kulob da ke Gaweye, kusa da kogi, ƙasa da gada. Ba zan faɗi sunansa ba. Filin tanis biyu ne na jar ƙasa, da rumfar shan sanyi, da wata ƴar rumfar kwano gindin dogon yaro, wadda ita ce tawa. A bangonta na kafa ƙusoshi, nan nake rataye raket ɗin mutane. Da safe ƙungiyoyin unguwanni su kawo mini balo, da yamma anasara da Kwarori, wato Larabawa masu kantuna, da manyan ma'aikata su kawo raket. Sannu a hankali anasara suka ragu, masu kaki suka ƙaru. Shugabancin kulob ya koma hannun wani kumandan, mutum mai tsabta, mai magana a hankali. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. A lokacin babu bukatar ɗaga murya. Mutum yana gaisawa da maƙwabcinsa yana auna kalmominsa, don ba ka san wanda ke kai rahoto ba.

Raket ɗin Hamani ita ce na fi saƙawa a kulob ɗin. Hamani Bazabarme ne haifaffen Gaweye, direban wani biro, wato ofis, magidanci mai ƴaƴa biyu. A bakin filin ya girma har ya fi duk masu filin iyawa. Wani likita anasara da zai koma gida ya bar masa raket ta katako, ita kaɗai gare shi. Ƙotarta na sake wa fata sau uku. Hausarsa ta kasuwa ce, ni ma Zabarmancina na kasuwa ne, muka haɗu a tsakiya.

"Fofo, sannu, Yaya Ilu. Tsohuwar ta sake zubar da haƙori," in ji shi, yana miƙo mini ita.

"Kai ne ba ka tausayinta. Duka kake yi kamar kana sussukar gero."

"Bahaushe me ya sani a sussuka? Ku dai a ba ku ku sayar."

"Zabarmawa kuma a ba ku ku cinye."

Wasansa na sauri ne. A busasshen fili ƙwallonsa ba ta tashi, sulalewa take yi kamar ƙadangare. Na ga ƴan wasa a Abijan da Dakar, na san abin da nake faɗi: da ya samu hanya, da an ji shi.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ku ba ku gan ta ba. Kogin Isa ya janye har mutane suna taka ƙasa su ƙetare a gindin gada. Jiragen ruwa na kwance kan yashi. Mutanen arewa suka cika gefen gari da rumfunan tsumma, mata na bin layin famfo tun safe har azahar. A kulob aka daina ba filin ruwa, wata da watanni. Jar ƙasar ta bushe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, ta koma fari-fari. Kantin da ke kawo mana tsarkiya daga Faransa ya daina kawowa, abin da ya rage a akwatina ƙunshi biyar ne.

Cikin wannan hali aka ce za a aika mutum ɗaya wata gasa a ƙasar waje, kuma za a fid da shi ta hanyar wasa. Aka yi ta karawa har saura biyu: Hamani da Abdu, ƙanen kumandan, wanda ya yi karatu a Faransa. Kada ku ɗauka Abdu mugu ne ko bai iya ba. Yaro ne mai ladabi, bugunsa mai tsabta. Amma Hamani ya fi shi, kowa ya sani, har shi Abdun. Ga Hamani kuma wannan ce damar, shekarunsa sun fara ja, wata ba za ta sake zuwa ba.

Saura mako uku kumandan ya tsaya bakin rumfata da raket biyar, uku na Abdu, biyu nasa.

"Malam Ilu, ƙunshi nawa ya rage?"

"Biyar, ranka ya daɗe. Amma ɗaya na ajiye wa Hamani."

Ya dube ni, ya dubi akwatin. "Raket biyar na kawo," in ji shi. Ya tafi.

Na saƙa biyar ɗin, kuma na saƙa su da kyau, don hannuna bai iya aikin banza ba.

Da na gaya wa Hamani, bai yi mamaki ba. "To ka je wajen masunta," ya ce. "Ba kogi, ba kifi, igiyar fatsa na nan zube. Sa mini ita, ba ta tsinkewa."

Nan ne na yi kuskuren da sai mai sana'a ke yin irinsa. Da jahili ne ni, da na sa masa nailan ɗin masunta an wuce wurin. Amma ni na je Dakar. Na ce masa, "Ba za ka shiga wasan rayuwarka da kurmar tsarkiya ba, shi yana da hanji kai kana da igiyar kamun tarwaɗa. Ni zan murza maka da hannuna."

"Za ta riƙe?"

"Abu ɗaya hanji ke tsoro, shi ne ruwa. Ta Faransa ana shafa mata wani mai da ke hana laima shiga, tawa ba ta da shi. To ka duba sama, ka duba filin nan. Ina ruwan yake?"

Ya yi dariya. "Wannan kam gaskiya ne. Ko gumi rowa yake yi bana."

Washegari na tafi mahauta. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka ana yankawa ba, makiyaya na kawo su kafin su mutu a hannunsu, ƙashi da fata. Na tsuguna ina zaɓen hanji, ina ɗaga shi ga rana ina duba inda ya yi rauni. Wani dattijon Bafulatani yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, shanunsa ne ake yankawa a lokacin. Ya ce, "Bawan Allah, ba ci za ka yi ba, na ga kana aunawa. Me za ka yi da shi?"

Na ce, "Igiya zan murza."

"Ta guga?"

"Ta wasa."

Ya yi nuni da sandarsa. Sannan ya ce, "Ɗauki na jar can. Ita ce ta fi su ƙarfi, ita ta kawo mu nan." Na ɗauka.

Hanjin shanu uku na yi aiki da shi. A wanke, a tsaga shi a tsaye da aska ya zama siraran zare, a kankare da bayan wuƙa har sai fatar nan mai ƙarfi ta rage, a jiƙa a ruwan toka ana sauyawa. Ruwan ma sai da matata ta yi mini magana a kansa. Sannan a haɗa zaren a murza tun yana ɗanye, a ɗaure tsakanin turaku biyu cikin inuwa, kullum a ƙara murɗawa kaɗan yayin da yake bushewa. Kwana goma sha biyu. Na goge shi har ya yi santsi, na shafe shi da man kaɗe da kakin zuma. Da na saƙa raket ɗin na taɓa da farce, wallahi ko Papa Ato ba zai ce wata tana ƙarya ba. Hamani ya gwada ta kwana biyu a busasshen fili. Ya dawo yana shafa ta. "Yaya Ilu, tsohuwa ta koma amarya."

Ranar wasa, bayan azahar, ina rumfa na ji ƙarar babbar mota a ƙofa. Motar ruwa ce, sitan, cike. Bayanta mata ne sun biyo ta tun daga titi da bokitai da kwanoni, suna tarar abin da ke ɗiga. Mai gadi ya rufe ƙofa ya bar su a waje tare da motar. Aka ja tiyo zuwa fili na ɗaya, aka buɗe. Ƙasar ta sha, aka ƙara, ta sha, aka ƙara, har ta dawo ja wur kamar a hoto. Kumandan ya gayyaci baƙi, yana so su ga fili yadda fili yake a ƙasashen da ake wasa. Wasu sun ce don ƙwallo ta rage gudu ne, ƙanensa ya samu sauƙi. Ban sani ba, ban kuma taɓa tunanin ya san abin da ke jikin raket ɗin Hamani ba. Abin da na sani shi ne, duk lissafina na gina shi a kan cewa babu mahalukin da zai zubar da mota guda ta ruwa a ƙasa a wannan shekara.

Hamani ya zo ya tsaya kusa da ni, yana shaƙar iska. "Ka ji ƙamshin damina?" ya ce.

"Hamani, sauya tsarkiya da hannu ya fi awa guda. Ba lokaci."

"Na sani."

"Ka riƙa goge ta da rigarka. Kada ka ja wasa, ka kashe da wuri."

Zagayen farko ya cinye shi kamar yana sauri ya kama mota. Amma ina ganin ƙwallayen suna yin ja, suna nauyi, suna kwaso jiƙaƙƙen yashi suna gogawa a tsarkiya. Daga inda nake zaune ina jin muryar raket ɗin tana sauka, bugu bayan bugu. Ba wanda ya ji sai ni. A zagaye na biyu, yana gaba, ya ɗaga ya yi sabis, sai na ji tas. Ta tsakiya ce. Kafin a gama wannan bugun ta kusa da ita ta bi ta.

Doka ta yarda ɗan wasa ya sauya raket. Ya tako zuwa wayar da ta kewaye filin, daidai rumfata. A bayana raket bakwai ne rataye: biyu na kumandan da bai karɓa ba tukuna, sauran na wani Kwara da wasu ma'aikata.

"Yaya Ilu, ba ni ɗaya."

"Ba nawa ba ne, Hamani."

"Na sani. Ba ni ɗaya."

Na ga Abdu ya sunkuya ya kama bakin jakarsa, inda raket biyu ke ciki, ya ɗaga ido ya dubi wansa, sannan ya saki jakar ya ɗauki tawul. Kumandan bai ce a ba shi ba, bai ce kada a ba shi ba. Kofinsa yana hannunsa, yana kallona kawai. Masu sauran raket ɗin suna cikin ƴan kallo, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

A sana'armu akwai ƙa'ida, ba a ba wani raket ɗin da aka ba ka amana. Ƙa'ida ce ta gaske, Papa Ato ya koya mini ita. Amma na karya ta sau da yawa a baya, don anasaran da tsarkiyarsa ta tsinke yana tsakiyar nishaɗi da yamma. Ran nan na riƙe ta da hannu biyu. Na ce, "Amana ce, Hamani."

Ya gyaɗa kai, ya koma fili. Ya ƙarasa wasan da raket mai rami a tsakiya, ƙwallo na tafiya inda ta ga dama. Bai roƙi kowa ba kuma. Abdu ya ci zagaye na biyu da na uku, bai ɗaga hannu ya yi murna ba. Baƙi suka yi tafi. A waje matan nan suna nan, sun sa kwanoni ƙarƙashin motar.

Da aka watse Hamani ya zo ya rataye raket ɗinsa da kansa a ƙusar da babu kowa. "Ajiye mini," ya ce. Abdu ya tafi gasar, aka fid da shi a wasan farko, ya dawo da kwat mai kyau. Hamani bai sake taka kulob ɗin ba. Ya bar biro, ya koma tuƙa kamyo, babbar motar kaya, da farko na hatsin agaji zuwa arewa, daga baya hanyar Kwatano.

Na je wajen masunta a makon da aka yi wasan, na karɓo igiyar fatsa, na saƙa masa raket ɗin. Ban ƙara murza hanji ba tun daga ranar.

Shekaru da yawa bayan haka, soja sun tafi sun dawo sun sake tafiya, na gamu da shi a bakin Babbar Kasuwa ana sauke masa kaya. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi hanya. Na ce, "Ajiyarka na nan. Na sa mata igiyar masunta, yadda ka ce."

"Yanzu?" Ya yi dariya har yana tari. "Kala suru, sai haƙuri, Yaya Ilu. Bar ta wajenka, ka riƙa korar kaji da ita."

"Yaran fa? Akwai mai hannunka a ciki?"

"Akwai. Na biyun, da ka ga yadda yake jifa, ka san abin na jikinsa. Na hana shi. Balo suke bugawa dukansu. Ita ko da tsumma aka ƙulla ta, kowa na fili da ƙafarsa ya zo, ba sai ya tsaya bakin waya yana roƙo ba."

Aka kira shi wajen mota, ya tafi. Ban sake ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa.

Har yau ina kallon tanis, kun sha ganina. Idona yana son ta, ba yadda zan yi. Amma in mai sharhi ya ce mutum biyu ne kawai da raga a tsakaninsu, wanda ya fi iyawa shi zai ci, sai in ƙirga raket ɗin da ke jakar kowannensu, in tuna waɗanda ba su iso filin ba sam. Balo da duk birgimarta da akwatinta ta fi gaskiya a wajen talaka, na yarda yanzu, kodayake na yarda a makare.

Filin Gaweye an shafe shi da siminti, ba ya bukatar ruwa. Raket ba ta katako ba ce, tsarkiya roba ce, mashin ke ja, lamba ke faɗin ƙarfinta, kurma ma zai iya aikin. Balo manna ta ake yi da zafi, ba ta da bakin da za a rufe da allura. Tsinkayena huɗu da guntun icen suna cikin gwangwani ƙarƙashin gado, raket ɗin Hamani tana rataye a ƙusa a ɗakina da igiyar masunta a jikinta, ba ta tsinke ba har yau. Ban koya wa kowa sana'ar nan ba, ba wanda ya nema, kuma ba wanda zai sake bukatarta. A kaina ta ƙare.